Giginyar Delmira da Garwashin Evaristo

Duk garinmu babu wanda bai san bakin Evaristo Quilodrán ba. In ka ce motarka ta ƙi tashi, shi ya taɓa tayar da jirgin ƙasa da igiyar shanya. In ka ce haƙori na damunka, shi ya taɓa cire wa doki haƙori dokin yana gudu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, gajeriya ce kuma, don haka ni Zulema na sha labaransa har sun fita kaina. Ban kuwa taɓa ganin ya kafa ƙusa ta tsaya daidai ba.

Abu ɗaya ne a gidansa da ya isa a yi alfahari da shi, shi ma ba nasa ba ne. Giginyar matarsa Delmira ce, irin wadda mutanen arewacin ƙasarmu ke kira pindo. Delmira 'yar Corrientes ce, can arewacin Ajantina inda zafi ke narka kwalta. Aure ne ya jawo ta nan Patagoniya, inda ruwan famfo ke daskarewa a watan Yuli, iska kuma ba ta san ranar hutu ba. A cikin gwangwanin man girki ta taho da tsiron daga tsakar gidan mahaifiyarta, tana rungume da shi a cinya cikin bas. Kowa ya ce ba zai ga bazara ba. Ya ga bazara, ya ga auren 'yarsu, har ya zarce rufin rumfa.

Ba wani asiri take yi ba. In sanyi ya gabato sai ta hau kujera, ta tattara ganyen ta ɗaure su sama kamar gashin yarinya, ta naɗe da buhunan dankali, ta cusa busasshiyar ciyawa a gindi, ta kifa tsohon bokiti a kan tohon tsakiya don kada raɓa ta shiga ta daskare. Giginyar ta kwashe hunturu tana kama da mahaukaciya a tsakar gida, in Satumba ya zo a kwance ta, ta miƙe abinta.

Shekarar da nake ba ku labari, 'yarsu da ke aure a Corrientes ta kusa haihuwa, cikin kuma ya zo da laulayi. Dole Delmira ta tafi tun kafin lokacin ɗauri. Ni na raka su tasha, a gabana aka yi maganar.

"Buhunan na cikin rumfa, igiya na rataye a ƙusa, bokitin na ƙarƙashin famfo," in ji ta. "Ka ɗaure ta kafin sanyin farko."

"Tsohuwa, da wa kike magana? Ni da na fitar da garken tumaki daga cikin dusar ƙanƙara ko ɗaya bai yi atishawa ba?"

"Tumaki da rigarsu aka haife su. Evaristo, dube ni nan. Tare muka zo garin nan, ni da ita. Ban taɓa son sanyinku ba. Na zauna ne don na ga ta zauna. Ranar da na dawo na tarar ta mutu, ba zan kwance akwatina ba."

Ya yi dariya ya ce za ta dawo ta tarar da 'ya'ya a kai. Ni ban yi dariya ba. Kullum da safe tare muke shan mate, shayin ganyen ƙasarmu, da Delmira a kan katangar nan, ƙoƙo ɗaya muna miƙa wa juna, na san lokacin da take wasa.

Washegari ya fito da buhunan, ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

"Doña Zulema, ki duba abin da ake yi wa baiwar Allah duk shekara. Giginya ce ko dankali? Bishiyar da ta saba da walawa a rana, a ƙulle ta a buhu wata da watanni. Bana za ta sha iska da ganyenta a buɗe, ba kuma za ta san an yi hunturu ba."

"Matarka cewa ta yi ka ɗaure."

"Matata hanyar da ta gada take bi. Ni kuwa ina da kai."

Ya samo ƙatuwar leda daga gonar tuffa, ya sare sanduna, ya yini yana gina wa giginyar abin da ya kira ɗakin zamani. Ya ce irinsa ake yi a Japan, shi dai ya ɗan gyara musu kuskurensu. Ya gama da la'asar. Kafin rana ta faɗi iska ta leƙo, ta cika ɗakin kamar balan-balan, ta ɗauke shi da sandunansa ta tsallake gidaje uku. Ba ta sauke shi ko'ina ba sai a kan motar gawa ta Don Atilio, mai sayar da akwatunan gawa na garinmu, a lokacin yana gaban jerin masu rakiya zuwa maƙabarta. Da yamma Don Atilio ya kawo ledar a ninke, cikin baƙar kwat ɗinsa.

"Mamacin ya gode," ya ce, "amma ya riga ya samu abin rufa."

"Gwaji ne," in ji Evaristo. "Ina so in san ƙarfin iskar. Yanzu na sani."

Gwajin ya koya masa cewa leda ba ta haifar da zafi, tare shi kawai take. Abin da giginya ke so shi ne Corrientes, to zai kawo mata Corrientes tsakar gida. Ya yanka duro-duro gida biyu, ya jera su kewaye da bishiyar, ya loda musu itacen tuffa. Kullum in rana ta karkata zai kunna, garwashi ya kwana yana ba ta ɗumi. In faɗi gaskiya, wannan dabarar da ma ta yi aiki, da a wata ƙasa aka yi ta.

Amma a nan aka yi. Namijin ƙasar nan zai iya wuce gidansa yana cin wuta bai waiwaya ba, amma ba zai iya ganin jan garwashi babu nama a kai ya wuce ba. Mijina Fermín, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, hancinsa kaɗai ya rage a bakin aiki. Yammar farko ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Maƙwabci, me za a gasa?"

"Ba gashi nake ba. Kimiyya nake."

"To kimiyyar ta yi garwashi mai kyau." Ya zuba masa ido, kamar mai kallon maraya. "Haka za ka bar shi ya mutu a banza?"

Evaristo ya dubi garwashin, ya dubi giginyar, ya sake duban garwashin.

"Me kake da shi?"

"'Yan haƙarƙari ne a firji."

Daga 'yan haƙarƙari aka fara. Washegari Don Atilio ya biyo ƙamshi da burodi a hammata. Rana ta uku mai gyaran taya ya zo da ƙaninsa, ƙanin ya zo da jita. Ba a gayyatar mutum wurin wuta a garinmu, ba a kuma korarsa. Da haƙarƙari ya kasa, Evaristo ya tuna yana da 'yan tumaki a gonar wansa a hayin kogi. Aka yanko ɗan rago, aka baje shi a jikin ƙarfen gashi kamar an shanya riga, aka soke ƙarfen a ƙasa dab da gindin giginyar, wai don ita ma ta samu rabonta na ɗumi. Da aka ci aka ƙoshi, Fermín ya ɗaga murya yadda aka saba: a tafa wa mai gashi. Aka tafa.

Na ga fuskar Evaristo a lokacin. Mutumin nan ya shekara sittin da ɗoriya yana yabon kansa shi kaɗai, ba wanda ya taɓa taya shi. Tun daga ranar, ko da yamma ta yi ɗumi sai ya leƙa sama ya ce yana jin sanyi mai tsanani na tafe a gwiwarsa, a kunna wuta.

Rago kuwa ba a gasa shi a nan sai da ruwan gishiri. Kowane namiji da kwalbarsa mai hudajjen murfi, da tafarnuwa da ganyen ƙamshi a ciki, kowa kuma ya rantse haɗin kakansa ne na gaskiya. Kowa ya wuce sai ya yayyafa tasa don ya gyara ɓarnar na gabansa. Rago ya sha abin da zai sha, sauran ya tsiyaye a ƙasa.

Wata safiya aka tashi gari ya yi fari fat, raɓa ta daskare a kan komai. Ina shanya sai na ji ana kirana.

"Doña Zulema, zo ki ga abin da masana suka kasa ganowa."

Na leƙa. Tsakar gidansa fari ne ko'ina, sai wata da'ira baƙa a gindin giginyar, daidai inda ruwan gishiri ke zuba.

"Kin gani? Ƙanƙara tana tsoron gishiri. Wuta na tsare ta daga sama, gishiri zai tsare ta daga ƙasa. Sanyi ya rasa ƙofa."

"Don Evaristo, kakata in tana son kashe ciyawar ƙofar gida, gishiri take zuba mata."

"Ciyawa. Da bakinki kika faɗa. Wannan giginya ce, 'yar'uwar kwakwa. Ina kwakwa ke fitowa? Bakin teku. Ruwan teku zuma ce a ciki?"

"Ai babu teku a Corrientes."

"Shi ya sa ba ta yi tsawo ba. Tun tana ƙarama aka tauye mata haƙƙi."

Kafin azahar ya tare wata mota daga cikin masu ɗauko gishiri daga fadamar gishiri, ya sauke buhuna na garas-garas, irin wanda ake ba tumaki su lasa. Ya haƙa rami ya kewaye gindin, ya zazzage, ya bi da ruwan ɗumi don ya ratsa har saiwa. Na kira Fermín na ce ya yi masa magana, namiji da namiji. Fermín ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da bishiyarsa. Ranar akwai rago.

Da Delmira ta bugo min waya na faɗa mata komai, ban rage ba. Jaririn ya zo bakwaini, yana asibiti, ba ta da halin motsawa. Ta kira mijinta, ina jin amsarsa ta katanga.

"Buhuna? Tsohuwa, wallahi kullum suna aiki, ko ɗaya ba ya hutawa. Zulema ai kin san ta da ƙara wa magana gishiri."

Bai yi ƙarya ba game da buhunan. A kansu mazan ke zama.

Sai ga Celso, mai gidan rediyon garin, wanda shi ne mai karanta labarai, shi ne mai sanarwar ɓatan awaki. Ya zo ɗaukar rahoto ya zauna cin cinya. Washegari duk gari ya ji a rediyo cewa wani ɗan garinmu ya gano yadda giginya za ta ratsa hunturun Patagoniya tsirara, babu buhu babu bokiti. Evaristo ya yi bayani da kansa, ya ce daga ƙasashen waje ma an fara tuntuɓarsa, amma shi ɗan kishin ƙasa ne. Ciyaman ɗinmu, wanda tun da aka zaɓe shi bai samu abin buɗewa ba, ya sanar cewa ranar bikin shigowar bazara za a kafa allon tagulla a gindin bishiyar. Evaristo ya lissafa, ya ga ranar ce Delmira ta ce za ta dawo. Ya ce Allah ne ya haɗa.

A watan Agusta bakin ganyen ya fara rawaya.

"Kaya take canzawa," in ji shi. "Alamar ƙoshi ce."

Rawaya ta koma ruwan ƙasa.

"Irin launin da suke yi ke nan kafin su yi 'ya'ya. Ku ba ku taɓa gani ba, don ba a taɓa barin ta ta kai nan ba."

Ya ƙara mata buhun gishiri don ta yi sauri. Mazan suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu kowa na juya wa bishiyar baya in zai zauna. Wata yamma reshe guda ya ɓalle ya faɗo kan ragon. Mai gyaran taya ya ɗauke shi a hankali ya cusa a wuta, ya ce ai busasshe ne, zai ci da kyau. Kafin Satumba ya kama, abin da ya rage sandar jiki ce da 'yan tsumman ganye a kai. Tumakin hayin kogi ma sun ƙare, saura wata tsohuwar tunkiya da wansa ya ɓoye.

Ana saura 'yan kwanaki biki na ga Evaristo ya ja Don Atilio gefe. Katangar gajeriya ce, na faɗa muku.

"Ganyen nan da kake kewaye furannin jana'iza da su, na roba, ai na giginya ne ko?"

"Na giginya ne. Amma sababbin sun ƙare, hunturun nan an mutu da yawa."

"Tsofaffin fa?"

"Suna maƙabarta, a kan masu su."

"Masu su suna amfani da su?"

Don Atilio ya yi tunani. Mutum ne mai tsoron Allah, amma ya ci tumakin Evaristo tun daga Mayu.

"Aro," ya ce. "Bayan biki ka mayar wa kowa nasa."

"Ba ɓoye komai nake ba, ka gane. Barci take. Kwalliya kawai zan yi mata kafin ta farka."

Evaristo ya yini a kan tsani da filaya da waya a baki. Ƙyallayen da ake rubuta ta'aziyya a jiki suna ɗinke da ganyen, waɗanda suka ƙi cirewa sai ya naɗe su ya tura ciki. Da ya sauko, ni kaina sai da na ja baya. Giginyar ba ta taɓa yin kyau haka ba. Kore shar, tana ƙyalli, ta ninka yawan ganyenta. Fermín ya cire hula. Evaristo ya zagaye ta sau biyu, na rantse a zagaye na biyu ya riga ya yarda aikinsa ne ya yi kyau.

Ranar biki aka buɗe ƙofar gidan. 'Yan badujalar makaranta suka jeru, Celso ya kafa lasifika, ciyaman ya zo da allon tagulla a lulluɓe da tuta. An rubuta sunan Evaristo da manyan baƙaƙe, na giginyar da ƙanana, na Delmira kuwa babu. Ana tsakiyar taken ƙasa bas ɗin arewa ta iso. Tasharmu ce ƙarshen hanya, direba kan ci abinci ya huta, ya juya da la'asar. Delmira ta taho a ƙafa da akwatinta, mutane suka buɗa mata. Ta tsaya a gaba, ba ta ajiye akwatin ba. Ta daɗe tana kallon bishiyar.

"Barka da hanya, tsohuwa," in ji Evaristo ta lasifika. "Ba na ce miki ba?"

Ciyaman ya fara jawabi. Ya ce wannan bishiya shaida ce cewa mutanen garinmu ba sa sunkuyar da kai ga yanayi. Yanayin kuwa kamar yana saurare. Iskar Satumba ta taso daga yamma, irin wadda ke kwashe kaji. Giginyar ta yi wata ƙara da ba a san bishiya da ita ba, kamar ana karkaɗe labulen roba. Ganye ɗaya ya fice ya bi ta kan 'yan badujala. Na biyu ya shige bakin babban ƙaho. Sai ƙyallayen suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya, shuɗi da ruwan hoda, suna kaɗawa da rubutun zinariya. Celso, da yake ya saba karanta duk abin da ya gani, ya fara karantawa a rediyo kafin ya ankara.

"Ka huta lafiya, Baba. Daga ƙungiyar direbobi, da alhini. Kakarmu abar ƙauna..."

Wani dogon ƙyalle ya tsinke ya naɗe wuyan ciyaman. Doña Herminia, wadda aka binne mijinta watan jiya, tana zaune a sahun gaba cikin baƙaƙen kaya. Ta gyara tabarau, ta miƙe, ta kamo bakin ƙyallen ta jawo, ciyaman ya biyo.

"Tránsito, matarka ba za ta manta da kai ba," ta karanta. "Wannan nawa ne. Ni na zaɓi kalar. Atilio, me mijina yake yi a kan bishiya?"

Don Atilio ya riga ya kai bakin ƙofa. Sauran masu mamata suka shiga tsintar ganye suna duba suna, wata na cewa na surukarta ne a bar shi ya tafi. Evaristo ya riƙe lasifika da hannu biyu.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Kariya ce ta wucin gadi. Bishiyar na nan da ranta a ciki, hutawa take."

"Zulema," in ji Delmira, "ara min kujera."

Na miƙo mata ta katanga. Ta ajiye akwatin, ta hau yadda ta saba hawa duk shekara, ta sa hannu a tsakiyar kan giginyar ta kama tohon. Ba ta ja da ƙarfi ba. Ya zare kamar an zare cokali daga kunu, baƙi, yana wari. Ta sauko da shi a hannu. Ta durƙusa a gindin, ta dangwali ƙasar ta kai harshe, ta tofar. Ni dai hawaye ne suka zubo min, don na tuna gwangwanin man girkin nan.

"Tsohuwa," in ji Evaristo, ya manta lasifikar na kunne, "ki tambayi kowa. Sanyi bai taɓa ta ba. Ko sau ɗaya ƙanƙara ba ta kwanta a gindinta ba. Fermín, faɗa mata."

Fermín yana duban takalminsa.

"Na yarda," in ji Delmira. "Tun kafin a haifi 'yarmu sanyin garin nan ke neman ta, bai samu ba. Kai hunturu ɗaya ya ishe ka."

Ta ɗora masa tohon a hannu, ta ɗauki akwatinta. Ya bi ta har tasha yana magana. Zai samo wata, babba, ya san wani mutum a Brazil. Zai canza ƙasar tsakar gidan gaba ɗaya. Buhunan ma suna nan, wanki kawai suke so. Ni ta rungume, ta ce in zo in ga jaririn in zafi ya sauka, ta ce ƙoƙon mate ɗinta yana kan kanta, in ɗauka nawa ne. Da la'asar bas ta juya da ita a kujerar da ta zo a kai.

Allon tagulla ciyaman ya koma da shi, an ce yana jiran a samu wani Evaristo da ya yi abin kirki. Don Atilio ya kwashe mako yana mayar wa mamata ganyensu, Doña Herminia na biye da shi tana duba aiki. A rediyo Celso ya koma sanarwar awaki. Gidan maƙwabcinmu ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, har na gane ashe surutun ma wani abu ne da kunne ke sabawa da shi. Da safe in fito da ƙoƙon Delmira in tsaya a katanga, babu wanda zan miƙa wa. Haushinsa nake ji har wuya, tausayinsa kuma na hana ni sakewa da haushin.

Ranar Lahadi ya fito da gatari. Ya sare sandar, ya daddatsa ta, ya tara a tsakiyar farar da'irar gishirin da ko ciyawa ba ta sake fitowa a ciki ba, ya ɗora buhunan da igiyar a kai ya kunna. Ya kifa bokitin ya zauna. Bai kira kowa ya ga dabara ba. Wutar ta ci ta kwanta, ta bar garwashi ja, shi kuwa yana zaune yana share ido da bayan hannu.

Na ji motsi a gefena. Fermín ne, ya ɗora haɓa a kan katanga. Na taka masa ƙafa. Ya jure. Na ƙara takawa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, na shaida, har gumi ya tsatso masa.

"Maƙwabci," ya ce a hankali, "sannu da rashi." Ya haɗiyi yawu. "Garwashin nan fa, haka za ka bar shi?"

Evaristo bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage na giginyar matarsa, ya ja hanci.

"Kawo naman kawai," ya ce. "Gishiri akwai."